Malam Armiya'u Mai Jan Baƙi da Ciwon da Ya Ɓoye

Haihuwa da karatu

An haifi Malam Armiya'u a shekarar 1961 a Birnin Tsaba ta ƙasar Zurmi. Mahaifinsa Bawa manomin gero ne, mahaifiyarsa kuwa Kulu. Ya sauke Alƙur'ani a Zurmi a 1975, sannan ya zarce Shinkafi inda ya karanci tajwidi da fiƙihu.

Aiki da iyali

A 1984 aka ɗauke shi malamin Arabiyya a wata firamare a Ƙaura Namoda, ya auri Rekiya bayan shekara biyu. Saboda zaƙin muryarsa aka ba shi jan baƙi a tafsirin azumi na masallacin unguwarsu.

Jarrabawa

Tun wajen 2010 Rekiya ta lura numfashinsa na ɗaukewa cikin barci, ya farka yana haki, da rana kuma gyangyaɗi ya addabe shi. Ya roƙe ta kada maganar ta fita ɗaki. A azumin 2019, yayin da mai tafsiri ke fassara, barci ya sace shi lasifika tana kunne, minsharinsa ya karaɗe unguwa. Daga ranar ya ajiye jan baƙi, ya koma sallah a sahun baya.

Da ƙyar Rekiya ta kai shi asibitin garin. Likita ya ce ba lalaci ba ne, maƙogwaro ne ke toshewa, ya tura bayanansa ta kwamfuta ga wani ƙwararre a Sakkwato, aka aiko da ranar ganawa ta waya. Amma da Malam ya ji gwajin shi ne ya yi barci ma'aikata suna saurare, sai ya ce, "Wanda aka ji bai isa ba, sai na kai musu da ƙafata?" Bai je ba. A 2021 aka sake tura sunansa, sai aka katse layukan waya a Zamfara, saƙo bai iso ba, shi kuwa bai nema ba.

Sai a 2022, bayan hawan jini ya kayar da shi a aji, ya yarda ya tafi. Aka haɗa shi da na'urar hura iska da zai riƙa barci da ita, ɗalibansa suka sa masa sola don ba ta wuta. Barcinsa ya daidaita, amma in baƙi za su shigo yakan lulluɓe na'urar da zane.

Rasuwa

Allah Ya yi masa rasuwa a Sha'aban na 2024, aka yi jana'izarsa a Ƙaura bayan la'asar. Ya bar Rekiya da 'ya'ya huɗu: Firdausi, Mus'ab, Nabila, da Nuhu, direban motar Shinkafi, wanda ya gaji ciwon, aka tura sunansa Sakkwato, ya tafi ba tare da an roƙe shi ba. Allah Ya jiƙan Malam, Ya sa kwanciya hutu ce.