Matsami Mai Jan Zare

Kafin in ɗaga ƙofar shagona da safe, Ishtiyak Bhai (Bhai a wurinmu ɗan'uwa ke nan) ya riga ya yanka albasa kwando guda. Shekara talatin da takwas ke nan ina ganin haka daga tsallaken titi, a Layin Marina na tsohon garin Bareilly a ƙasar Indiya, ni da keken ɗinkina, shi da kaskonsa. Da ya dawo daga sallar asuba zai share gaban rumfa, ya kwaɓa garin wake, ya jera kofunan yumɓu a bakin tebur. Ƙarfe bakwai samosa ta fito. Ƙarfe huɗu na yamma kuwa lokacin pakora ne, wato irin namu ƙosan mai albasa, lokacin da duk mai hankali a layin nan yake ajiye abin da ke hannunsa ya nemi shayi. In hadari ya haɗu ba ya jira a gaya masa, ƙara kwaɓi yake yi, don ya san ɗigon farko na sauka za mu cika masa rumfa.

Ba zan yi muku ƙarya in ce mutum ne mai fara'a ba. Ka ce masa barkono ya yi yawa, zai dube ka sama da ƙasa ya ce, "Gidanku babu madara ne? Je ka sha." Amma ban taɓa ganin ya soya abu a tsohon mai ba, ban kuma taɓa ganin ya ɗumama na jiya ya ce na yau ne ba. A makon nan ya ajiye aiki, shi ya sa ni Girdhari, da na fi sabawa da almakashi, na ɗauki alƙalami.

Kasko biyu gare shi. Ɗaya na kullum. Ɗayan yana rataye a bango cikin farin ƙyalle, ba ya saukowa sai sau biyu a shekara, idan Navratri, azuminmu na mabiya Hindu mai kwana tara, ya kama. Kwana taran nan mai azumi ba ya taɓa alkama, ba ya taɓa wake ko albasa, gishiri ma sai na dutse. Abin da ya rage masa ya haɗa da shayinsa shi ne pakorar dankali da garin kuttu, wata tsaba da ba ma lissafa ta cikin hatsi, ita ma sai an soya ta a kaskon da abincin yau da kullum bai taɓa shiga ba. Ishtiyak Bhai Musulmi ne, azumin ba nasa ba ne. Duk da haka shi yake sayo kuttu da kansa, ya tsaya a kan mai niƙa har sai an share injin tas, ya ware murhu, ya ware wuƙa, ya ware mai. Matsamansa guda biyu kuwa maƙeri ɗaya ya ƙera su, ba ka iya bambanta su, don haka yake ɗaura wa na azumi jan zare a mariƙi. Zaren daga shagona yake fitowa.

Wadda ta fara cin na kaskon nan ita ce Bimla Mausi, wato Inna Bimla, tsohuwar da ke bayan famfon unguwa. Ta yi alkawarin azumin ne tun shekarar da 'yarta ta tsira daga wata muguwar naƙuda, ba ta kuma taɓa tsallake ko ɗaya ba. Sau ɗaya take cin abinci a yini, ƙarfe huɗu, a rumfar Ishtiyak Bhai. Da mutane suka ga Mausi, wadda ko surukarta ba ta yarda ta dafa mata abincin azumi ba, tana ci a nan, sai suka biyo bayanta. Ɗanta Mahendra ne kaɗai bai daina gunaguni ba.

Bara waccan, saura mako guda azumin kaka ya kama, Ishtiyak Bhai ya tsallako shagona da matsamin a hannu. Zaren ya sha mai da hayaƙi har ya koma baƙi ƙirin, ya saje da ƙarfen.

"Girdhari, sabunta min wannan."

"Gobe, Bhai. Ka dai ga yadda ɗinkin biki ya rufe ni."

"Goben mutane ko goben tela?"

Na yi dariya, ya tafi. Ya sake dawowa sau biyu, sau biyu ina ce masa gobe. Aikin da bai kai minti ɗaya ba. Har azumi ya kama ban ɗaura ba.

A rana ta bakwai aka yi wani ruwan bazata, jama'a suka cunkushe a ƙarƙashin rumfa, masu azumi da marasa azumi, kowa na miƙa hannu. Ina tsaye kusa da murhu da kofin shayina, don ni nawa azumin bai taɓa wuce kwana biyu ba. A lokacin yanar ido ta fara rufe wa Ishtiyak Bhai ido ɗaya. Da idona na ga ya zaro matsami daga kaskon albasa, ya tsoma shi a na azumi, ya tsamo guda shida, ya zuba a ganye ya miƙa wa Mausi. Sai na ga babban yatsansa yana shafa mariƙin, yana neman zare. Babu.

Na matsa na raɗa masa, "Bhai, ja bakinka ka yi shiru. Mai ne ya taɓa mai. Babu wanda ya gani."

"Kai ka gani," in ji shi. "Ni ma na gani."

Ya ɗaga murya yadda har masu gyaran keke na bakin layi suka juyo. "Mausi, ajiye! Kada ki kai baki!" Ya fizge ganyen daga hannunta, ya ɗaga matsamin sama. "Jama'a, na yi kuskure. Matsamin albasa na sa a kaskon azumi. Babu wanda ya ci, amma kaskon ya ɓaci. Duk mai azumi ya dakata."

Mahendra, da ke riƙe wa uwarsa lema, shi ya fara magana.

"Shekara nawa ina faɗa? Wannan dai mun ji. Wa ya san sau nawa aka yi aka rufe?"

Maganar ta soki Ishtiyak Bhai, na gani a fuskarsa. Shekara talatin da shida na amana, ga ta ana shirin shafe ta da tambaya ɗaya. Bai yi rantsuwa ba, bai yi faɗa ba. Cewa ya yi, "Sau ɗaya ne, Mahendra, kuma daga bakina ka ji."

Ya juye man gaba ɗaya. Ya kife kaskon a kan garwashi, yana fifita har ƙarfen ya yi ja, ya sauke ya bar shi ya huce, ya dirje shi da toka da yashi, ya wanke, ya sake maimaitawa. Sama da awa biyu yana wannan aiki a cikin yayyafi, dattijo mai shekara sittin da tara, har tafin hannunsa ya tashi. Rabin mutanen suka watse suna ƙus-ƙus. Mausi kuwa ta tsallako ta zauna a bencin shagona, ita da tun jiya da yamma ba abin da ya shiga cikinta sai ruwa.

"Ma, tashi mu je gida a dafa miki dankali," in ji Mahendra.

"Tafi kai, tunda kai ke jin yunwa."

"Ma, mutane suna kallo."

"Su kalla. Mutum ya ƙwace abinci daga hannuna don kada azumina ya lalace, shi zan guda? In ban ci nasa ba, na wa zan ci? Naka, da ba ka san gishirin dutse da na kanti ba?"

Rana ta kusa faɗuwa sa'ad da sabon mai ya yi zafi. Guda shidan farko ita ya kawo wa har benci, da kofin shayi. Ta gutsura, ta tauna a hankali, ta ce, "Gishiri ya yi kaɗan." Ya ce, "Hannu ne ya gaji, Mausi." Daga nan ya wuce masallaci.

Ni kuwa ina zaune a bayan kekena, ga ƙwaryar jan zare a gabana, ban ce uffan ba. Kunya ta hana ni, tsoro kuma ya taya ta.

Ishtiyak Bhai, kai ne ka san dalilin da ya sa matsamin nan ya ɓace maka, kuma kalma ɗaya ta isa ka juyo da idon jama'a kan shagona. Ba ka faɗa ba a ranar, ba ka faɗa ba har yau. Kai ne ka ga wasu gidaje sun ƙaurace maka azumi biyu a jere, ba ka bi kowa da roƙo ba, ka ci gaba da sauke kaskonka kana tsayawa a kan mai niƙa kamar ba abin da ya faru, har suka dawo da ƙafarsu. Mai kasko biyu, ka tsare mana ibadar da ba taka ba fiye da yadda wasunmu suka tsare ta.

Abu ɗaya ya yanke a ranar, shi ne idon da ya ci amanarsa sau ɗaya ba zai bar shi ya maimaita ba. Ya kira babbar 'yarsa Tabassum, mai 'ya'ya uku, ya tsayar da ita a gaban murhu shekara biyu cur. Ina jin su daga shago.

"Abba, ai na wanke wuƙar."

"Na gani? Sake wankewa ina kallo."

Ranar Litinin azumin bana ya kama, Tabassum ce ta kwance farin ƙyallen, shi yana zaune a gefe a kan kujera, hannu biyu a kan gwiwa, ya rasa yadda zai yi da su. Ƙarfe huɗu mutane suka taru, amma kowa ya tsaya nesa-nesa yana jiran wani ya fara. Sai ga Mausi, shekara tamanin da ɗaya, Mahendra na riƙe da hannunta. Ta karɓi matsamin ta kai shi dab da idonta.

"'Yata, in kika yi irin ta ubanki fa?"

"Zan zubar da man, Mausi."

"A'a. Za ki fara faɗa min tukuna, sannan ki zubar. Zuba min shida."

Mahendra ma ya ce a ƙara masa huɗu.

Mun gode, Ishtiyak Bhai. Allah ya ba idonka lafiya, ya sa ka huta, ko da yake na san gobe da asuba za ka zo ka tsaya wa Tabassum a ka. Ku kuma masu sana'a, masu suya da masu awo da masu ɗinki irina, ku dubi mutumin nan. Ba cewa na yi bai taɓa kuskure ba. Ya yi, a gaban jama'a, kuma ya riga kowa faɗa. In kuka yi naku, ku ɗaga murya tun abin bai kai bakin mai shi ba.

Ni nawa ya ɗauke ni shekara biyu. Mutanen Layin Marina, ba idonsa kaɗai ba ne ya jawo abin da ya faru ran nan. Sau uku ya zo neman zare, sau uku na ce masa gobe, kuma ni ne na ce masa ya yi shiru. Zaren da Mausi ta duba ranar Litinin, tun saura kwana goma na tsallaka titi na ɗaura shi da hannuna, ba tare da an aiko ba. Ishtiyak Bhai ya shafa shi da yatsa, ya ce, "Ashe goben taka ta iso." Ya zuba min shayi.