Malama Loretta da Ciyawar Tsohuwar Maƙabarta

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Oktoba, da hantsi, 'yarki Jolene ta kira ni ta ce Allah ya yi miki rasuwa a gida, kina da shekara tamanin da ɗaya. Ina gareji ina wasa wuƙar injin yankan ciyawa. Na ajiye ta, na zauna a kan bokiti. Malama Loretta Vondracek, ni ne Duane, wanda kika yi shekara talatin da shida kina kira wanzami.

Da faɗa muka san juna. An ɗauke ni aikin kula da tsohuwar maƙabartar garinmu, na tarar ciyawa ta kai kafaɗa, na ce wannan cin mutuncin mamata ne. Na tayar da inji ke nan, sai ga ki, malamar makaranta, kin sha gabana da jakarki a hannu.

"Kai wanzami, wa ya ce maka tana son aski?"

"Malama, matsa, aiki aka ba ni."

"To, fara da ƙafata."

Na kashe injin ina huci. A ranar kika nuna mini abin da na tashi a kansa ban sani ba. Garma ta bi duk yankinmu na jihar Iowa a nan Amurka an zuba masara, sai wannan eka biyu ta tsira, domin ba mai noma a kan kakanninsa. Ciyawar da ke tsakanin kaburburan ita ce ta asali. Saiwarta ta fi tsayina zurfi, kuma in aka yage ta ba ta komawa yadda take a zamanin mutum ɗaya.

Kowace kaka kina tsintar irinta da hannu kina zubawa a ambulan. Da shi aka shuka gandun dajin da ke bayan kogi, wanda yau mutane ke tasowa daga birane don su taka shi, su ga ɓauna da barewa da tsuntsayen da muka ɗauka sun tafi ke nan. Kowace Asabar ke ce ke zagawa da baƙi, kuma ba kya wuce wanda ya fi kowa nauyin ƙafa. In wani ya matsa wa ɓauna don hoto, sai ki ce, "Ɗana, dawo, ba saniyar kakarka ba ce." Lokacin da matata Arlene take kwance a asibiti, kowa furen kanti ya kai mata. Ke kika zo da damin ciyawar gandu, kika ce ta shaƙa. Ta rungume shi tana kuka, ta ce yau ta je gida. Ban taɓa yi miki godiyar wannan ba, kuma abin yana damuna.

A watan Afrilun bana, bayan mun saka wa maƙabartar wuta kamar kowace shekara don ciyawa ta sake tsiro, kika tsaya a gefen kabarin mijinki Emil, inda aka bar miki wuri. Kika ce, "Wanzami, in na mutu kada ka bar motar haƙa ta shigo nan. A kai ni sabuwar maƙabarta ta bakin titi. Emil zai yi haƙuri." Kika juya da sauri, amma na ga ƙwalla a idonki. Shekara ashirin da biyu kina zuwa wurin nan kina ba shi labarin gida.

Malama, na saɓa miki, amma rabi. Mota ba ta shiga ba. Mu huɗu ne, duk tsofaffi, da shebur. Muka yanka fuskar ƙasar gunduwa-gunduwa da saiwarta, iya zurfin da muka iya, muka jera a kan tamfol bisa tsarin da muka ɗauko su, muna yayyafa musu ruwa. Kwana biyu muka yi muna haƙa, bayana har yau bai miƙe ba. Ranar Juma'a muka kwantar da ke kusa da Emil, muka mayar da kowace gunduwa mazauninta. Jolene ta sa hannu a aljihun rigar sanyinki ta sami ambulan ɗin iri na ƙarshe, muka barbaɗa a tsagogin. Ko za ta kama, sai bazara za mu sani.

Allah ya jiƙanki, ya gafarta miki kurakuranki, ya sa kin huta. Ya saka miki da alheri gwargwadon irin da kika tsinta. Ina miƙa ta'aziyyata ga Jolene da ƙaninta Russell, da jikokinki biyar, da 'yan tafiyar Asabar. Allah ya ba mu haƙurin wannan rashi.

Jolene, roƙona ɗaya ne. In kin zo baɗi kika tarar ciyawa ta rufe sunan mahaifiyarki, kada ki ce Duane ya yi sakaci. Wannan kabarin, muddin ina da rai, ba zan yi masa aski ba.