Ni Na Auna Ƙofar, Shi Aka Buɗe Wa

Shekarun baya, ina aji uku a jami'a, malaminmu na tarihi ya ce za mu yi baƙi, ɗalibai daga wata jiha, yana so a haɗa musu ɗan littafin jagora na tsofaffin gine-ginen Maiduguri. Wanda ya fi ƙoƙari shi zai zagaya da su, sunansa kuma ya hau bangon littafin. Ban ɗaga hannu a aji ba. Sai da kowa ya watse na bi malam har bakin mota na ce ina so.

Wata uku ina hawa keke daga Bulumkutu da tef ɗin ɗinkin mahaifiyata a aljihu, ina auna ƙofofi da kaurin katanga, ina rubutawa. A unguwar Lamisula akwai wani gidan ƙasa mai ƙofar katako da manyan ƙusoshi. Sau biyu ina zuwa, in yi wa dattijon gidan sallama a tsaye, in tambaye shi yaushe aka gina. Amsarsa ɗaya: "Ya daɗe."

A zuwa na uku na tafi da wani abokina ɗan ajinmu, don yana jin Kanuri. Tun daga nesa ya tuɓe takalmi, ya durƙusa a gefen tabarma. Ya gaida lafiya, ya gaida zafi, ya gaida iyali, ya dawo ya sake gaida lafiya. Ni ina ta duba agogo. Ko kalma ɗaya bai tambaya game da gidan ba. Bayan shayi sai dattijo ya miƙe da kansa ya kai mu ciki, ya nuna mana tsohuwar rijiya da ɗakin da kakansa ke sauke fatake. Ya ce ƙofar ma ta girmi gidan, daga Kukawa aka ɗauko ta. Abokina yana fassarawa, ni ina rubutawa.

Da ya ba da labarin a aji, har muryar dattijon yake kwaikwayo. Aka yi ta dariya. Malam ya ce abokina ne zai jagoranci baƙi. Ni da wata uku, shi da yammaci ɗaya.

Ana gobe baƙi za su zo abokina ya ce, "Mutumina, saurara ka ji ko na haddace bayanin." Da ya kai kan ƙofar sai ya ce daga Dikwa aka kawo ta. Littafina yana kan cinyata, shafin a buɗe. Na rufe shi na ce, "Daidai ne."

Washegari a ƙofar gidan, a gaban baƙi da malam, ya faɗi haka da ƙarfi. Dattijo ya ɗaga sanda, da Hausarsa mai nauyin Kanuri ya ce, "Dikwa? Wa ya ce maka Dikwa?" Abin da na kwana ina jira ke nan. Amma abokina dariya ya yi. Ya ce, "Baba, a yi mini afuwa, ni baki kawai gare ni. Ga mai ilimin can a baya." Ya jawo hannuna gaba.

Dattijo ya ƙura mini ido. "Kai ne mai auna mini ƙofa kamar za ka ɗinka mata riga?" Kowa ya kwashe da dariya. Na ce Kukawa, na faɗi tsawonta da faɗinta, har yawan ƙusoshin. Ya ce, "Ƙusoshin ka ƙirga, amma ba ka taɓa tambayata yadda na kwana ba."

Littafin ya fito da sunayenmu biyu, na abokina a sama. Ban taɓa gaya masa na ji kuskuren na yi shiru ba. Ina zaton ya sani, don har yau in zai yi magana a taro yakan turo mini takardar ya ce, "Duba da kyau, ban da rufe littafi."

Yanzu na iya tuɓe takalmi tun daga nesa, na iya zama. Kishin dai bai gama fita ba. Shafin rijiyar ne ya fi kowanne daɗi a littafin, kuma ni na rubuta shi, amma duk sanda na karanta, muryar abokina nake ji.