Ina Lawalin Gidanmu?

A ajinmu na lakwal, wato makarantar boko, a Madarumfa, in mushe malaminmu ya kira Lawali sai kusan layi guda ya ɗaga kai. Dole ya riƙa laƙa wa kowanne wani abu: Lawali na bakin tabki, Lawali ɗan mahauta, Lawali gajere. Mu masu suna Sani muke bi musu a yawa, sai Salisu jefi-jefi, Rabi'u kuwa da ƙyar a samu. Ni ba mai surutu ba ne, a bencin baya nake zama, irin waɗannan abubuwa nake lura da su.

Malamin da muke karatun allo wurinsa da yamma shi ya warware mini. Ya ce duk sunan guda ne, Muhammadu. Mutum yana son sunan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sai ya sa wa ɗansa na farko. A sake haifa masa namiji, ya kasa rabuwa da sunan, ya sake sawa. Don kada a kira ɗaya biyu su amsa, aka aro ƙidayar Larabci: auwal shi ne na farko, bakinmu ya mai da shi Lawali, Sani na biyu, Salisu na uku. Shi ya sa Lawali suka fi yawa, don duk mai 'ya'ya maza yana da na farko, ba kowa ke kaiwa na huɗu ba.

Na tashi daga karatun nan ina lissafin gidanmu. Ni ne babba a gidanmu, daga ni sai ƙannena mata da wani ɗan auta da ake goyo. Ni kuma Sani ne. Babu Lawali a gidan, ban kuma taɓa jin an ce an yi shi ya rasu ba.

Na daɗe ina juya abin kafin in tambayi Baba. Yana gyaran igiyar guga a lambunsa na bakin tabki, bai ɗago ba ya ce, "Ɗan baffanka na Sarkin Yamma fa? A gidan kakanku ake ƙidayar, ba a ɗaki ba." Amsar ta zauna. Baffa wan Baba ne, a ƙauyen Sarkin Yamma yake zaune, yana da ɗa guda ɗaya tilo, Lawali, wanda ya girme ni da 'yan shekaru. Sai dai saurin da amsar ta fito da shi ya dame ni, kamar an daɗe da ajiye ta ana jira.

Daga nan na fara sa ido. A garinmu uwa tana kunyar ɗan fari: ba ta faɗin sunansa, ba ta wasa da shi, ba ta zama kusa da shi a gaban mutane. Abokaina 'yan fari da "kai wane" iyayensu mata ke kiransu. Ni Inna tana kwaɗa mini kira da sunana tun daga bakin rijiya, tana jan kunnena, tana ci tare da ni. Amma ranar kasuwa in Lawali ya zo da jakinsa ya shigo gaisuwa, sai ta juya ga tukunya, ta amsa a gajarce, ta ce da ƙanwata, "A ba wancan ruwa." A da na ɗauka ba ta son shi ne. Yanzu na lura furar da ake ba shi ta fi ta kowa nono. Matar Baffa kuwa, wadda aka ce ita ta haife shi, da sunansa take kiransa gatsal, kowa yana ji.

Shekaru na yi da wannan zargi ban gaya wa kowa ba. Da ma ba abin da zai ƙara mini ko ya rage.

Sai shekarar da na ci jarrabawar shiga kwaleji a Maradi. A farkon daminar ɓarin jikin Baba ya shanye. Dattawan dangi suka zauna a zaure, ina tsugune a waje ina ji, suka yanke cewa babban ɗa shi zai riƙe gona da lambu, karatun ya tsaya nan. Babban ɗa ni ke nan. Amma na san in zargina gaskiya ne, akwai wanda ya riga ni.

Na je wurin kakata, mahaifiyar Baba, na same ta tana ɓarar gujiya.

"Mijin nawa ya zo hannu rabbana," in ji ta. "Ko goro babu. Zan sake miji."

Na zauna na taya ta ɓara. Can na ce, "Kaka, a wane gida aka yi sunan Yaya Lawali?"

"A gidan da aka yanka rago."

"Nan ko Sarkin Yamma?"

"Kai lakwal ɗin nan aikin 'yan duwan na kan iyaka suke koya muku? Kowa sai kun kwance masa kaya."

"Me ya sa matar Baffa take faɗin sunansa?"

Hannunta ya tsaya kaɗan, sannan ya ci gaba. "Ta yi ɓari kafin shi. Wadda ta sha wannan wahala ina ta ga ta kunya? Tashi ka kawo mini ruwa."

Wannan ma amsa ce da ta zauna. Duk amsoshin gidanmu haka suke, ba inda za ka kama su.

Da hatsi ya fara kai na taka zuwa Sarkin Yamma. Na tarar da Lawali a gona shi kaɗai, ya tuɓe riga yana maimai. A hanya na tsara maganata tsaf, ina isa ta watse. Abin da ya fito shi ne, "Yaya, me ya sa aka sa maka Lawali?"

Ya dogara da hauya yana dariya. "Ranar ban da wayo, ban tambaye su ba. Ɗan lakwal, wannan ya taso ka tun daga Madarumfa?"

Na sunkuyar da kai.

"An ce za su cire ka."

"Eh."

"Kai da in ka yi kunya biyu sai ka zauna duba tafin hannu. Bana takarda za ku ci a gidan nan."

Ban yi dariya ba. Ya dube ni ya daɗe, irin duban da ban taɓa gani a fuskarsa ba. Daidai nan matar Baffa ta ɓullo daga hanya da ƙwaryar fura a ka, tana kiransa tun daga nesa. Ya rage murya ya ce, "Ka ga matar can? Ita ta goye ni. Kada in ji ka yi tambayar nan a gabanta." Sannan ya ɗaga murya, "Inna, ga baƙon birni, a ƙara ludayi."

Har na koma gida ina auna maganar. Goye ni ya ce, bai ce haife ni ba. Amma uwa ma goyo take yi.

Da aka fara girbi ya iso da jakinsa da tabarmarsa, ya sauka a zaurenmu. Ya gaya wa dattawa Baffa ne ya aiko shi ya riƙe wa ƙanensa gona har Allah ya kawo sauƙi. Babu wanda ya yi musu, babu wanda ya yi mamaki, wannan ma na lura da shi. Baba yana kwance, ya juya fuskarsa ga bango. Da aka buɗe makarantu na hau kamyo, babbar motar kaya, zuwa Maradi da akwatin ƙarfe.

Sauƙin bai zo ba, Lawali bai koma ba. A Madarumfa ya yi aure, yakan leƙa Sarkin Yamma in aiki ya yi sauƙi. Gonar Baffa ta ragu, rabinta ya koma saura. Da hutun babbar salla na je gaishe su, matar Baffa tana daka ita kaɗai a tsakar gida. Na durƙusa na gaishe ta. Ba ta ajiye taɓarya ba.

"Karatun yana ci?" ta ce.

Na ce yana ci.

"To, a yi shi da kyau. An biya shi da tsada."

Ban san abin da ta sani game da zuwana gonar nan ba, ban kuma tambaya ba. Na jira ta ƙara wani abu, ta ci gaba da dakanta.