Dattijon da Ke Sauraron Kwamfuta

A shagon gyaran kwamfuta na Ejike da ke Gyadi-Gyadi a Kano, wani dattijo na zaune a bakin benci kamar wanda ya kawo ɗansa asibiti. Siriri ne, hularsa ta koɗe, biro ya zubar masa da tawada a aljihun gaba. Da alama shi ke riƙe da bayanan marasa lafiya a wani ƙaramin asibiti, don ya ambaci katunansu sau uku tun zamansa.

Ejike ya cire tsohon faifan ajiya mai nauyi, ya sa sabo da ake kira SSD, wanda bai kai tafin hannu ba. Ana kunnawa, dattijon ya tuɓe hula, ya kara kunnensa a jikin kwamfutar. Tsit.

"Ba ta numfashi fa," in ji shi.

"Baba, wannan ba ya ƙara, babu abin da ke juyawa a cikinsa. Komai naka na nan."

"Ai ƙarar ce ta cece ni. Da tsohon faifan ya fara ƙas-ƙas na gane ba shi da lafiya, na rugo nan. Wannan kuma, ranar da zai mutu, wa zai gaya mini?"

Ejike ya miƙa masa tsohon faifan.

Dattijon ya naɗe tsohon faifan a hankici, ya cusa a aljihu. Har Adaidaita Sahu ta ja da shi wajen Tarauni, kwamfutar na bisa cinyarsa, kansa a sunkuye, yana saurare.