Gwiwar Hajiya da Aikin Mai Rakiya

Turancina na sito ne. Daga firamare na wuce masaƙa a Kano, kuma a can na tsinci ɗan abin da na tsinta: na karɓar kaya, na sallamar direba, na ba manaja haƙuri. Da shi na zo Manchester bayan na yi ritaya, lokacin da babbar 'yarmu mai aikin akanta ta haihu, ta ce mu zo ni da mahaifiyarta. Hajiya kuwa ko kalma ɗaya ba ta taho da ita ba, kuma ba ta yi niyyar koya ba. Ta ce ai tana da ni.

'Yar tamu ta sa sunana a wani ajin Turanci da council, wato ƙaramar hukuma, ke yi wa manya, a wani ɗaki da ke saman laburare. Malamar Baturiya ce, kusan sa'ata, kullum da rigar sanyi mai maɓallai. Akwai ranar da ta tsaya a kan wasu ƙananan kalmomi da Turawa suke sawa a gaban abubuwa masu yawa. Ta ce a nan ba a cewa mutum yana zuwa kasuwa kawai a yi shiru. Sai a ce mostly mornings, wato galibi da safe, ko only weekends, wato sai ƙarshen mako kaɗai. Ta sa muka yi ta maimaitawa, ni da wasu tsofaffi 'yan Somaliya da Pakistan, kamar yara a gaban allo. Da na koma gida na ba Hajiya labari, ta yi dariya ta ce, "Su dai komai sai sun auna, har da hantsi." Da sanyi ya shigo, jiran bas ya gagare ni, na daina zuwa.

A gidan 'yar tamu ne gwiwar Hajiya ta dama ta fara ciwo. Gida ne mai bene, matakalarsa a tsaye kamar tsani. Muka fara zuwa wurin GP, wato likitan unguwa, ni ne tafinta. Likita zai yi doguwar tambaya, ni kuma in juya in ce, "Wai ya jikin?" Ita kuma ta gyara mayafi ta ce, "Da sauƙi, alhamdulillahi." Sai in ce masa ta samu sauƙi, mun gode Allah. Ya rubuta ƙwayar ciwon jiki da man shafawa, mu fito. Haka muka yi ta yi har jikar da muka zo raino ta shiga makaranta.

Ba wai ban gani ba. Ina kallo ta koma yin sallah a kan kujera. Ina jin ta da asuba tana saukowa daga bene a zaune, mataki bayan mataki, don kada ta tashi yara. Amma a ɗakin likita lokaci gajere ne, Turancin nawa ya fi shi gajarta, kuma akwai nauyi mutum ya zauna yana lissafa wa wani namiji bare abin da ke damun jikin matarsa. In ta ce da sauƙi, sai in ji kamar an sauke mini kaya, in miƙa masa yadda ta ba ni.

Daga baya muka koma Birmingham, wurin ɗanmu injiniya, saboda ya samo mana flat, wato sashen gida, a ƙasa a unguwar Small Heath, ba hawa ba sauka. Amma gwiwar ta riga ta yi nisa. Wata rana ta durƙushe a kicin da tukunya a hannu, sabon GP ya tura mu babban asibitin da ke Edgbaston, wurin likitan ƙashi. Mun daɗe muna jira kafin a ba mu rana.

Da safen ranar ɗan namu ya biyo kafin ya wuce aiki, da hular kwano a hannu. Ya so ya raka mu, aiki ya hana. Ya durƙusa ya gaishe mu, sannan ya ce, "Baba, don Allah yau kada a ce fine, wai lafiya lau. In kuka ce fine, sallamar ta za su yi, a koma bayan layi. Ban san yaushe za a sake samun appointment ba."

Hajiya ta ce, "To ƙarya kake so mu je mu yi?"

"Umma, ba ƙarya ba. Gaskiyar nake so a faɗa."

"Ji yaro. Ni da na haife ka za ka koya wa ciwo?"

Ya dube ni, ni kuma na dubi takalmina.

Muka hau bas zuwa tsakiyar gari, daga nan muka shiga jirgin ƙasa zuwa tashar da ke kusa da jami'a. Tafiyar da ɗalibai ke yi suna cin abinci a hannu, mu sai da muka tsaya hutawa a kan kowane benci. Na ga gumi a goshin Hajiya alhali iska na kaɗawa.

Likitar mace ce, ba za ta wuce sa'ar 'yarmu ba. Ta taɓa gwiwar, ta lanƙwasa, ta miƙe ta. Hajiya ta cije leɓe. Sannan likitar ta zauna gaban kwamfuta ta dube ni ta ce in tambaye ta yaushe ciwon ya fi tsanani. Mostly mornings? Only evenings? Sai na ji kamar malamar nan mai rigar maɓallai ce ta shigo ɗakin. A karon farko na fassara tambayar dukanta. Na ce, "Hajiya, tana so ta sani, da safe ya fi damun ki ko da yamma? Kullum ne ko jefi-jefi?"

Hajiya ta kalli bango ta ce, "Da sauƙi."

Likitar ta ɗora yatsu a kan madannai tana jira na.

Abin da ya faɗo mini a rai shi ne yadda muke dubiya a gida. Ka shiga ka ce ya jiki, mara lafiya ya ce da sauƙi, ko da numfashi da kyar yake fita, domin ba a yi wa Allah ƙorafi a gaban baƙo. Kai ma ka san ba amsa ba ce. In ka tashi tafiya, mai jinya zai taka maka zuwa bakin ƙofa, a nan ne zai rage murya ya ce maka bai runtsa ba, ko ruwa ba ya zama a cikinsa. Wannan likitar ba za ta fito bakin ƙofa ba. Ba ta ma san akwai ƙofar ba.

Na ce mata, not better, wato ba sauƙi. Daga nan na shiga haɗa abin da nake da shi, ina tuntuɓe. Na ce galibi da safe ne, amma ba ranar da take ƙyale ta. Na ce duk matakala abokiyar gabarta ce. Na nuna kujera da hannu na ce a kai take sallah. Na ce matar da ba ta yarda wani ya zaɓar mata kifi ko kuɓewa, yanzu ta bar zuwa shagunan Stratford Road, sai abin da suruka ta kawo. Inda kalma ta ƙare mini, na yi da hannu.

Hajiya ta taɓo ni da gwiwar hannu. "Malam, me kake ta zubawa haka? Kalma biyu fa na faɗa."

Na ce, "Turanci ne, Hajiya, tsawo gare shi."

Likitar ta juyo da hoton ƙashin ta nuna mini inda ya cinye, ƙashi na gogar ƙashi. Ta ce aiki za a yi, za ta sa ta a layi, amma layin da tsawo. Ta tambayi tun yaushe abin ya kai haka. Na ce tun Manchester. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta ɗan dube ni, ta rubuta, ta ce mu je za a kira mu. Da ma faɗan ta yi.

A bas ɗin komawa wani saurayi ya tashi ya ba Hajiya wuri, ni na tsaya a kanta na riƙe ƙarfe. Sai da muka fara ganin shagunan nama na unguwarmu ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Ka gaya mata a kujera nake sallah. Na ga hannunka."

Na ce, "Na gaya mata."

"Ka tona ni a gaban yarinya."

"To ya zan yi?"

Ta murza bakin mayafi. Can ta ce, "Ni dai nawa shi ne in ce da sauƙi. Haka na tashi na ga ana yi. Sauran ai na mai rakiya ne." Bas ya tsaya, wasu suka sauka, wasu suka hau. Ta ce, "A Manchester nakan ji ka gama da wuri. Sai in ce ko Turancin ne gajere. Na zaci kana gaya musu, su ne ba su da abin bayarwa sai man shafawa."

Na danna ƙararrawa, na sauka na miƙa mata hannu, ta dafa ta sauko da ƙafar hagu tukuna.

Har yanzu ba a kira mu ba. Ɗan namu yakan buga musu waya, su ce tana nan a layi. Wayata kullum tana aljihun gaba, ko masallaci zan shiga ba na kashe ta, sai dai in rage mata murya. Da safe ina ce mata ya gwiwa, ta ce da sauƙi. Sai in je in ɗauko kujerar in ajiye mata a kan darduma, in gyara ta ta fuskanci alƙibla.