Shekarar da Muka Yi Babu Jan Ulu

A kakar bana Inna ta cika shekara goma sha ɗaya da rasuwa. Sunanta Rabi, amma a Wudil in ba ka ce Rabi mai ulu ba, sai an gama zagaye da kai gidajen wasu Rabin kafin ka iso namu. Ni ce 'yarta ta biyu, wadda Allah bai ba hannun saƙa ba. Baki aka ba ni, shi ya sa ciniki yake wurina, yau kuma ga ni da alƙalami. Hannun yana wurin yayata Hadiza. Allah Ya jiƙan Inna, Ya kai haske kabarinta.

Inna ba ta taɓa sayen ulun kanti ba. Ranar Juma'a takan shiga kasuwa wajen 'yan gwanjo, ta yi ta juya rigunan sanyi farare da masu ruwan madara. In ta ga wadda ta yi mata, sai ta tsinko ɗan zare daga bakin rigar ta ƙyasta masa ashana. In ya yi ƙaurin gashi ya zama toka, ta saya. In ya narke ya dunƙule kamar leda, ta miƙa wa mai kaya kayansa, ta ce wannan ba ya shan rini. 'Yan gwanjo sun sha yi mata tsiya, wai wata rana sai ta ƙone musu rumfa. A gida mu ne masu warware rigunan nan, mu wanke zaren, mu naɗe. Ita kuma ta rina, ta saƙa hula da safa da rigunan jarirai da shawul. Da wannan sana'ar ta riƙe mu bayan rasuwar mahaifinmu, ba mu taɓa kwana da yunwa ba, kuma ba ta taɓa kai ƙoƙon bara ƙofar kowa ba.

Tana rina shuɗi da baba, rawaya da gangamau, amma da ja ta yi suna. Ja ne mai duhu, mai nauyi a ido, wanda ko sau nawa aka wanke ba ya zuba a jikin farin zanen goyo. Da karan dafi take yin sa. Wata irin dawa ce da ba don tuwo ake shuka ta ba, rinin kuma a jikin ɓawon da ke rungume da karan yake. Shi ake ɓarewa, a daka, a jiƙa da kanwa, a dafa ulun a ciki. Wurin mutum ɗaya take samunsa, wani dattijo a Lajawa mai suna Malam Ɗanlami, wanda ya gaji irin daga mahaifinsa, yake ware masa 'yan kunyoyi a gefen gona saboda ita.

Nakan zauna in yi ta tunanin abin da za ta ce da ta ga yadda muke yanzu. Ta waya ake oda. Matan malaman jami'a da ɗalibai sukan turo hoto su ce irin wannan suke so, mu saƙa mu ba direba ya kai har Gombe ko Zariya. Na san da farko sai ta yi tsaki, ta ce wace irin mace ce za ta sayi kayan jariri ba ta taɓa da hannunta ba. Keken saƙar da Hadiza ta saya kuwa, wallahi da sun yi rigima a kansa, don Inna cewa take abin da aka yi da sauri da sauri yake warwarewa. Amma da ta leƙa bayan gida ta ga tukunyar ja a kan murhu, na tabbata da ta yi shiru, irin shirun nan nata na in abu ya yi mata daɗi ba ta son a gane. Ba za ta san cewa saura ƙiris jan nan ya bi ta ba.

Shekara guda bayan rasuwarta Malam Ɗanlami ya yi sallama a ƙofar gidanmu, ya tsufa ƙwarai, ga ɗan buhu a bayan keke. Bayan doguwar gaisuwa da addu'a ga mamaciya, ya ce ƙarfinsa ya ƙare, 'ya'yansa sun karɓi gona, kuma riɗi suke son shukawa, ba su ga amfanin dawar da ba a ci ba. Ya kwance buhun, sai ga zangarniya 'yan kaɗan, jajaye har sun yi baƙi-baƙi. Ya ce, "Iyakar irin da ya rage ke nan, 'ya'yana. In kuna so ga shi. In ba ku so, kaji za su samu." Hadiza ta karɓa da hannu biyu. Da ni da ita babu wadda ta taɓa riƙe fartanya.

Mijin Hadiza, Malam Sale, shi ne manomin gidan, sai ta damƙa masa, ta ce irin Inna ne, ya kula da shi kamar idonsa. Kuma ya kula, ba zan ci haƙƙinsa ba. Ya ba shi wuri mai kyau, ya yi masa noma a kan kari, ya kore masa tsuntsu. Sai dai lokacin girbi ya zo Hadiza tana Gaya, 'yarta ta haihu tana yi mata zaman jego. Malam ya yi abin da kowane manomi yake yi da dawa. Ya yanke zangarniya ya ɗaure dami-dami, sannan ya kira Fulani suka shigar da shanu suka cinye kara da karmami, suka bar masa taki. Shi a zatonsa rinin a jikin ƙwayar yake, tun da ita ce ya gani ja.

Ina wurin ranar da Hadiza ta dawo. Malam Sale ya jera mata dammunan a tsakar gida yana murmushi, yana jiran yabo. Ta duba dama ta duba hagu, ta ce, "Malam, ina karan?" Ya ce, "Wane kara kuma?" Hadiza ta zame ta zauna a ƙasa tana salati. Ni kuwa dariya da kuka suka haɗe mini, na rasa wanda zan fara. Har gobe in ya taɓa ni da wasa nakan tambaye shi lafiyar shanun da ya yi wa rini a ciki, sai ya ɗauki hularsa ya fita.

Abin dariya ne yanzu, a lokacin kuwa ba mu ga ta dariya ba. Sanyi ya shigo, mata suna ta sallama suna neman jan Rabi, mu kuma ko ƙulli ɗaya babu. Mun sayo karan dafi wurin masu maganin gargajiya a kasuwa muka gwada, sai ya fito fayau kamar zoɓon da aka cika wa ruwa. Ashe iri ya bambanta. Wata maƙwabciyarmu, da zuciya ɗaya, ta ce mu sayo garin rini na kanti mana, wa zai gane? Hadiza ta ce za a gane ranar wanki, kuma sunan Inna za a kira, ba namu ba. Haka muka yi shekara guda cur babu ja. Ni ce mai fuskantar masu saye, ni na san yadda nauyin kalmar babu yake a baki. Wasu suka haƙura da shuɗi, wasu suka tafi wurin wasu, cikinsu akwai waɗanda ba su sake dawowa ba. Ban taɓa alfahari da yayata kamar shekarar nan ba, duk da cewa tukunyar tuwonmu ta sha wuya.

Kuskuren Malam Sale ya cinye mana rini, amma ya tara mana iri fiye da wanda aka kawo. Da damina ta zagayo aka sake shukawa. Wannan karon Hadiza da kanta ta tafi gona ranar girbi, ta tsaya a kan kara kamar mai gadi, mu muka ɓare da hannunmu har yatsunmu suka rine. Da ta ɗago ulun farko daga tukunya ta matse ta ɗaga shi a rana, sai ga jan Inna. Shi ne, sak. Hadiza ta juya baya tana share ido da bakin mayafi, wai hayaƙi ne. Malam Ɗanlami bai ga wannan ba, Allah Ya yi masa rasuwa a tsakiyar daminar.

Inna ba ta bar gida na kanta ba, ba ta bar gona ba. Ƙarafan saƙarta ma sun lanƙwashe, babu mai amfani da su. Abin da ya saura nata shi ne har yau in mace ta ɗauki hular jariri a hannunmu ba ta tambayar ko tana zuba. Jikokinta mata uku suna cin abinci da sana'ar nan, kuma duk sun iya ƙyasta ashana a rumfar gwanjo.

Kafin saukar ruwan bana wani magidanci ya yi sallama, ya ce sunansa Habu, ɗan marigayi Malam Ɗanlami ne. Ya daɗe yana kewaye-kewaye kafin ya faɗi abin da ya kawo shi. Wai yanzu ana neman karan dafi, masu magani da masu rini suna zuwa har Lajawa suna tambaya, ya bi gida-gida bai samu irin nasu ba, sai wata tsohuwa ta ce ya zo Wudil. Ni da na so in ɗan gasa masa magana a kan riɗi, amma Hadiza ta harare ni. Ta shiga ɗaki ta fito da ƙwarya cike da iri ta ajiye a gabansa. Ya sa hannu a aljihu ya ce, "Hajiya, nawa zan bayar?"

Ta ce, "Mayar da hannunka, ɗana. Na ubanka ne. Mu ajiya aka ba mu."